Koyar da Shawara a Cikin Aji

Akwai wata cuta da ta yi yawa a makarantunmu, watau hadda ba tare da fahimta ba. Hadda kuwa ba abin rainawa ba ce, don da ita muka fara tun muna makarantar allo. Amma yaron da bai saba da kome ba sai maimaita abin da malam ya faɗa, ran da ya girma aka kira shi majalisa za a yanke maganar rijiya ko gona ko kasuwar garinsu, sai ya sunkuyar da kai, waɗansu su yanke masa abin da zai cuce shi. Saboda haka wajibi ne mu masu koyon malanta mu koya wa yara shawara kamar yadda muke koya musu lissafi.

Mu dubi abin da ya faru a Bauci a farkon shekarun 1940. Waɗansu malamai da ma'aikata suka kafa taron tattaunawa, cikinsu har da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano. Sukan zauna su ɗauki magana ɗaya ta sha'anin mulki ko zaman jama'a, kowa ya kawo hujjarsa. Da tambayoyinsu suka tsananta sai hukuma ta rufe taron. Duk da haka irin da aka shuka bai mutu ba. Malam Abubakar ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957, Malam Aminu kuwa ya shugabanci jam'iyyar NEPU wadda aka kafa a Kano a 1950. Hanyoyinsu sun rabu, amma a zaure ɗaya suka goge bakinsu.

To, ƙaƙa za mu yi wannan a ajinmu?

Na fari, mu zaɓi tambayar da ba ta da amsa ɗaya tak. In muka ce, "Bakwai sau takwas nawa ne?" ba abin shawara. Amma in muka ce, "Rijiya ɗaya ce a ƙauye, ga masu ɗiban ruwan sha, ga Filani da shanunsu, ga rani ya yi tsanani, yaya za a yi?" nan kowane yaro yana da abin faɗa, don ya gani da idonsa.

Na biyu, mu raba su ƙungiya ƙungiya, kamar shida ko takwas, su zauna a kewaye suna duban juna. A naɗa ɗaya magatakarda ya riƙa rubuta abin da aka faɗa.

Na uku, ƙarami shi zai fara magana. Dalili kuwa, in babba ya riga shi, kunya ba za ta bar shi ya saɓa masa ba, sai dabararsa ta mutu a ciki.

Na huɗu, kada wani ya rushe maganar ɗan'uwansa sai ya maimaita ta tukuna, har mai ita ya ce, "I, haka na nufa." Wannan shi ne ya raba muhawara da musu. Mai musu rinjaye yake nema, mai muhawara kuwa gaskiya.

Na biyar, shi ne mafi wuya gare mu, malam ya kame bakinsa. In yaro ya kawo dabarar da ta yi kama da wauta, kada mu bari a yi masa dariya, sai mu tambaye shi, "Don me ka ce haka?" Sau da yawa a ƙarƙashin irin wannan magana ake tono sabuwar hanya.

In an gama, magatakarda ya karanta abin da aka daidaita a kai, da kuma abin da aka saɓa, don wanda aka rinjaya ya san an ji shi.

'Yan'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da ke gabanmu su ne alƙalai da wakilai da masu unguwa na gobe, kuma shawara ɗaukar ɗaki ce. Mu gwada wannan ko da sau ɗaya a mako. Allah ya sa mu dace, amin.