Yadda Aka Koya wa Mutanen Landan Jin Kiɗa

Da yawa daga cikinmu, in an ce kiɗan Turawa, ba abin da ya kan faɗo mana a rai sai badujalar soja ko ta 'yan sanda, da begila da ganga a filin fareti. Amma suna da wani kiɗa dabam wanda su ke ɗauka shi ne babba. Ba a maci da shi, ba a rawa, yawancinsa ma ba waƙa a ciki; zama a ke yi, a yi tsit, a saurara. Mun ga ya kamata mu bayyana yadda a ke shirya shi, sa'an nan mu ba da labarin waɗansu makaɗa na birnin Landan, gama akwai abin da ya shafi aikinmu na malanta a ciki.

Cikakkiyar ƙungiyar makaɗan nan ta kan kai mutum 80 zuwa 100, an kasa su kashi huɗu. Kashi na fari, wanda ya fi rabi, masu goge ne. Gogensu tsirkiya huɗu gare shi, ba ɗaya kamar namu ba, kuma girma-girma ne, tun daga wanda a ke saƙalawa ƙarƙashin haɓa har wanda ya kai tsayin mutum. Na biyu masu sarewa ne da wani abin busa ɗan'uwan algaita, na uku masu ƙahonin tagulla dangin kakaki, na huɗu masu tambura da ganguna. Kafin a soma, mai algaitar nan ya kan busa murya guda, kowa ya daidaita abin kiɗansa da ita. A gabansu mutum ɗaya ke tsaye da 'yar siririyar sanda. Ba ya kaɗa kome, ba ya busa kome, amma shi ne madugu, da hannunsa ya ke nuna inda za a yi sauri, da inda za a sassauta, da wanda zai shigo.

Makaɗinmu a ka ya ke riƙe da kiɗansa, yadda ya gada. Nasu kuwa wani gwani ne ya kan zauna ya tsara, ya rubuta wa kowane makaɗi rabonsa a takarda. Shi ya sa har yau a ke kaɗa abin da Beethoven, Bajamushe, ya tsara, ko da ya ke ya rasu tun 1827. Babban tsari irin wannan sunansa simfoni, yawanci babi huɗu ne, ya kan ci rabin sa'a ko fi. Beethoven ya yi guda tara, ta taran kuwa bayan ya kurmance ya tsara ta.

To, kiɗan dare ɗaya ba ya ciyad da mutum ɗari. Don haka a kan ƙayyade lokaci a shekara, a tsara abin da za a kaɗa kowane dare tun da wuri, a buga a takarda, a sayad da tikiti. A Landan ta wancan zamani kuɗin shiga da tsada ya ke, talaka sai dai ya ji labari.

Cikin 1895 wani mutum wai shi Robert Newman, manajan wani babban zauren kiɗa da a ke kira Queen's Hall, ya ƙudura zai sake wannan al'amari. Ya ɗauki wani saurayi mai shekara 26, Henry Wood, ya zama madugu. Wani likitan maƙogwaro, George Cathcart, ya sa kuɗinsa. Aka kwashe kujeru daga tsakiyar zauren, aka ce duk mai sule guda ya shigo ya tsaya, mai son jin kiɗan lokacin duka kuwa ya biya fam ɗaya da sule ɗaya. Ba a hana ci da sha ba, ba a hana shan taba ba, sai dai an roƙi mutane kada su ƙyasta ashana sa'ad da mawaƙi ke waƙa. Da ya ke ana iya zagawa cikin zauren, sai aka sa wa kiɗan suna daga kalmarsu mai ma'anar tattaki, aka gajarta ta ta zama Proms. Ran 10 ga Agusta, 1895, aka buɗe.

Arha kaɗai da ba ta isa ba. Wanda bai taɓa jin simfoni ba, in ka zaunad da shi ka zuba masa guda biyu a dare ɗaya, gobe ba ka ganinsa ko kyauta ne. Newman da Wood sun san haka, sai suka bi hanyar malamin allo, wanda ba ya kai yaro farfaru sai ya iya babbaƙu. Da fari suka cika shirin da ƙananan kiɗe-kiɗe da waƙoƙi waɗanda kowa ya sani, su kan sako abu mai nauyi kaɗan a tsakani. Kowace shekara su ƙara mai nauyin, su rage mai sauƙin. Suka keɓe daren Litinin domin kiɗan Wagner, daren Jumma'a domin na Beethoven, har mutane suka saba. A ganinmu nan ne gwanintarsu ta ke: ba su raina mai sule guda ba, ba su kuwa bar shi inda suka same shi ba.

Wahalar da ta fi ci wa Wood tuwo a ƙwarya daga makaɗansa ta fito. Dare shida a ke kiɗa a mako, lokacin gwaji kuwa sa'a tara ne kurum, har ya kan zauna shi kaɗai ya bi takardun makaɗa yana sa musu alama don kada a ɓata lokaci da magana. Ga kuma wata mummunar al'ada: makaɗi in ya sami aiki mai tsoka a wani wuri, sai ya aiko wakili. Watau wanda ya yi gwaji da safe dabam, wanda zai kaɗa da dare dabam! Cikin 1904 aka ce daga yau ba sauran wakili. Makaɗa wajen arba'in suka yi fushi suka fita, suka kafa tasu ƙungiya, London Symphony Orchestra, wadda har yanzu tana nan. Wood bai janye ba, ya nemi sababbi ya hore su. Cikin 1913 kuma ya fara ɗaukar mata masu goge.

Kuɗi ma sun sha yanke musu. Newman ya karye a 1902, wani mai banki, Edgar Speyer, ya tallafe su. Bayan rasuwar Newman a 1926, BBC ta karɓi nauyin a 1927, kiɗan ya shiga rediyo, ya kai gidajen waɗanda ba su taɓa taka Landan ba. A 1930 ta kafa tata ƙungiyar makaɗa, wadda ta zama ginshiƙin lokacin.

A daren 10 ga Mayu, 1941, jiragen Jamus suka jefa bom ya ƙone Queen's Hall ƙurmus. Duk da haka ba a fasa ba, a shekarar nan aka koma Royal Albert Hall, zauren da ke ɗaukar mutum fiye da 5,000. Wood ya rasu cikin Agusta, 1944, shekarar da aka yi lokaci na hamsin.

Yanzu mako takwas a kan yi, daga Yuli zuwa Satumba, a yi zaman kiɗa fiye da 70, makaɗa na zuwa daga ƙasashe dabam-dabam. Cikin 2017 har da ƙungiyar Chineke, wadda Chi-chi Nwanoku, 'yar wani mutumin Nijeriya, ta kafa a 2015 domin baƙaƙen fata da sauran waɗanda ba a cika gani a wannan sana'a ba. Tsakiyar zauren har yau ba kujera, kuma tikitin tsayuwa shi ne mafi arha. Wani mutum-mutumin Wood na tagulla, wanda aka tsamo daga cikin tokar tsohon zauren, a kan ajiye shi bayan makaɗa yana fuskantar jama'a, a daren ƙarshe kuma mutum biyu daga cikin masu tsayuwa su hau su rataya masa rawanin ganye.