Hubusin Itace da Ruwa a Ƙasar Gwarzo da Kabo: Darasi Kan Inda Ƙungiyoyin Raya Ƙasa Za Su Dosa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanya mu wakilai a bayan ƙasa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin rahoton bana ya shafi ƙungiyoyin matasa da manoma masu dashen itatuwa, da gyaran rijiyoyi, da tare zaizayar ƙasa a garuruwan Gwarzo da Kabo. Da yawa daga cikinsu a harabar masallaci aka haife su, kuma wurinmu suke zuwa neman tallafi. Tambayar da ke gabanmu da gabansu ita ce: da wane kuɗi za a ci gaba da wannan aiki, a kan wace ƙasa, kuma wa zai riƙe shi bayan waɗanda suka fara? Mun ga ya dace mu shimfiɗa amsar a gaban masu ba da dukiyarsu da kwamitocin masallatai, domin su ne za a tambaya gobe kiyama game da amanar.

Halin da ƙasar take ciki

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo har ya nufi Dayi ta jihar Katsina, zai ga ƙasar noma da kiwo: dawa, gero, masara, gyaɗa da wake da damina, sannan albasa, tumatir da tattasai a fadamu da rani. Ruwan sama yakan sauka ne daga wajen Yuni zuwa Satumba, sauran watannin shekara kuwa sai abin da ƙasa ta riƙe. Saboda haka ne aka himmatu ga gina madatsun ruwa a jihar Kano tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. A wannan yanki akwai madatsar Guzuguzu a Kabo, ga kuma babbar madatsar Challawa a maƙwabciyarmu Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992.

Dattawan Getso, Kutama, Lakwaya, Garo da Gude suna tune da farin 1973 da na 1984, kuma suna iya nuna wa yaro wurin da dā ɗorawa da kaɗanya da tsamiya suke tsaye a tsakiyar gonaki. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun rarrabu ta hanyar gado, an daina barin ƙasa ta huta, tsadar makamashi kuma ta mai da gidaje da yawa ga itace da gawayi. Idan itace ya tafi, ruwan sama yakan daki ƙasa kai tsaye, ya kwashe taki, ya haƙa kwazazzabo, ya kai yashi cikin tafki da madatsa. Madatsar da ta cika da yashi ruwanta kan ragu, noman rani ya ragu, zakkar da ake fitarwa ta ragu. Da haka al'amarin itace ya zama al'amarin gidauniyar zakka: manomin da gonarsa ta mutu, jiya mai bayarwa ne, gobe mai karɓa.

Darasi na farko: a raba kuɗin zakka da kuɗin hubusi

Kuskuren da ya fi yawa a buƙatun da ke iso mu shi ne neman a sayi irin dashe, ko a haƙa rijiya, da kuɗin zakka. Allah Maɗaukaki Ya iyakance masu cin zakka zuwa kashi takwas a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma malaman mazhabar Malikiyya, wadda muke bi a ƙasar nan, ba su halatta a karkatar da ita ga gina masallaci ko gada ko makamantansu na amfanin kowa da kowa ba. Wurin renon itatuwa da rijiyar unguwa suna cikin wannan hukunci. Zakka haƙƙin fakiri da miskini ne da sauran waɗanda ayar ta ambata, a damƙa musu ita ta zama mallakarsu.

Akwai hanyar da zakka ke taimakon ƙasa ba tare da an saɓa wa wannan ba. Idan aka ba matalauciyar da ke sayar da itacen girki abin da zai ishe ta jarin wata sana'a, an sauke farali, an kuma rage gatari ɗaya a daji. Haka nan manomin da bashi ya danne shi har yana shirin sayar da itatuwan gonarsa ga masu gawayi, yana iya shiga cikin mabarta da ayar ta ambata. Amma aikin dashen kansa, da shinge, da ban ruwa, da ladan mai gadi, gurbinsu hubusi ne da sadakar ganin dama.

Ya kamata kwamitoci su tunatar da manoma hukuncin zakkar amfanin gona: nisabinta ausuƙi biyar, wato sa'i 300, ana fitar da ɗaya bisa goma idan ruwan sama ne ya shayar, ɗaya bisa ashirin idan da wahala da inji aka yi ban ruwa. Wanda ya sami buhu 100 na masarar damina zai fitar da 10, wanda ya same su da injin ban ruwa zai fitar da 5. A Malikiyya babu zakkar amfanin gona a kan kayan lambu irin su tumatir da albasa, sai dai kuɗinsu idan ya kai nisabi kuma shekara ta kewayo a kansa. Masu noman rani a bakin madatsa ke nan suna cikin waɗanda suka fi cin moriyar ruwan, alhali zakkar kaka ba ta hau kan mafi yawan abin da suke nomawa ba. Su ne suka fi cancanta a fara gayyata zuwa ga hubusin da zai kare ruwan da suke sha daga gare shi.

Darasi na biyu: a tsare asali, a ciyar da amfani

Asalin hubusi yana cikin ƙissar Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, da gonar da ya samu a Haibara, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya shawarce shi da ya tsare gonar kanta ya yi sadaka da abin da take fitarwa, ba a sayar da ita, ba a kyautar, ba a gada. Sayyidina Usmanu ɗan Affan kuma ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar ta ga Musulmi. Gona da rijiya ke nan suna cikin hubusin farko a Musulunci, kuma su ne abin da yankinmu ya fi buƙata a yau.

Darasin ga ƙungiya shi ne ta daina rayuwa a kan gudummawar shekara-shekara. Ƙungiyar da ke jiran attajiri ko ɗan siyasa ya ba ta kuɗin dashe duk damina, ranar da ya juya baya ta mutu. Wadda take da fili nata na hubusi, aka dasa masa mangwaro, gwaba, zogale da ɗorawa, bayan 'yan shekaru amfaninsa zai riƙa biyan kuɗin ruwa da na mai gadi da na sabon iri. Mazhabarmu ta yalwata ƙofa a nan: ta halatta hubusin abin da ake iya ɗauka, kamar injin ban ruwa ko amalanke, ta kuma halatta hubusi na ƙayyadadden lokaci. Mai gonar da ba ya son rabuwa da ita har abada yana iya ba da ita na shekara goma ko ashirin, sannan ta koma gare shi ko ga magadansa.

Akwai sharaɗin da rashin saninsa ya rushe alherai masu yawa, shi ne hauzi, wato karɓar abin a hannu. A Malikiyya, idan mutum ya furta hubusi yana da lafiya amma ya ci gaba da riƙe filin har ya rasu, ba a damƙa shi ga mai kula ba, hubusin ya ɓaci, filin ya koma gado. Wanda kuma ya yi shi a cikin ciwon ajali, hukuncinsa na wasiyya ne, ba ya wuce sulusin dukiya. Don haka muke roƙon duk mai niyya ya damƙa filin tun yana raye, a gaban shaidu, da sanin mai unguwa da dagaci da hakimi, a rubuta iyakokinsa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a filayen karkara, saboda haka a nemi wannan takarda da sunan amintattun hubusin. A kuma sanar da Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2003, domin a sami shaida a wajen garin ko da waɗanda suka halarta sun shuɗe.

Darasi na uku: a ƙidaya abin da ya rayu

An saba a yi bikin dashe da damina, a ɗauki hoto, a watse. Kaka na yi a saki dabbobi, iskar hunturu ta biyo baya, zafin bazara ya ƙarasa abin da akuya ta bari. Daga bana, rahoton da za mu nema daga kowace ƙungiya shi ne adadin itatuwan da suka ga damina ta biyu, tare da sunan wanda aka ɗora wa kula da kowane layi. Itace 50 da aka killace da ƙaya aka shayar har bazara ta wuce sun fi 1,000 da aka bar wa Allah da akuya.

'Yan'uwanmu na Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun riga mu gano wata hanya mai sauƙin kuɗi, wadda suke kira sassaben zamani. Tun daga wajen 1983, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka lura cewa kututturan itatuwan da aka sare suna da saiwa mai rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a share duk tohon da ya fito lokacin sharar gona, sai manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya riƙa gyara su duk shekara. Saboda saiwar ta riga ta yi nisa, itacen ba ya buƙatar ban ruwa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman jihohin Maraɗi da Damagaram. Gawo na cikin itatuwan da suka fi amfana da shi: yana zubar da ganye da damina don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani. Ƙasar da ruwanta bai kai namu ba ta yi wannan, kuma abin da ake buƙata wuƙa ce da haƙuri da yardar maƙwabta cewa itacen da mutum ya rena a gonarsa nasa ne.

Wannan yarda ba za ta samu ba sai an zauna da makiyaya da mata. Ƙungiyar da ta dasa itace a kan burtali ta shuka rigima, wadda kuma ta hana mata itacen girki ba tare da ta samar musu da murhu mai cin itace kaɗan ko rassan da aka datse ba, dokarta ba za ta kwana ba. A sa ardo da wakiliyar mata a cikin kwamiti tun ranar farko.

Darasi na huɗu: amana da magaji

Kowane hubusi yana buƙatar naziri, mai kula da shi bisa sharaɗin wanda ya bayar. Muna ba da shawarar kada liman ko shugaban ƙungiya ya haɗa wannan aiki da riƙon kuɗi. A sami ma'aji daban, asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum fiye da ɗaya, da littafi biyu, na zakka da na hubusi, waɗanda ba a cakuɗa su. A karanta lissafi a bainar jama'a bayan sallar Juma'a sau ɗaya a shekara, bayan kaka. Kowane mai muƙami kuma ya kasance da matashin da yake koya wa aikin, domin itacen ɗorawa yakan fi wanda ya dasa shi tsawon rai.

Ƙungiyar da ta yi rajista, take da fili mai takarda da lissafi bayyananne, ita ce za ta iya tsayawa a gaban manyan shirye-shirye. Kano na cikin jihohi 11 da ke ƙarƙashin hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa ta ƙasa, wadda aka kafa da doka a 2015 bisa shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, tana kuma cikin jihohin arewa 19 da shirin ACReSAL na Bankin Duniya ya shafa, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2021 da dala miliyan 700. Irin wannan tallafi yana da wa'adi. A karɓe shi a sa shi cikin abin da zai dawwama, kamar rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana ko shingen filin hubusi.

Abin da muke roƙo a shekara mai zuwa

Ga kwamitocin masallatai: kowane masallacin Juma'a ya binciki filayen da aka taɓa furta hubusinsu a yankinsa, ya tabbatar da hauzinsu da takardunsu kafin damina. Limamai su keɓe huɗuba ɗaya kafin sharar gona kan barin toho, su tunatar da hadisin Anas da ke cikin Buhari da Muslim, mai nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi sadaka ce a gare shi. Ga masu bayarwa: ku bayyana mana a fili ko abin da kuka kawo zakka ce ko hubusi, domin mu ajiye kowanne a muhallinsa. Wanda yake da gonar da ba ya nomawa a Gwarzo ko Kabo, ya zo mu tattauna ko da na shekara goma ne.

Allah Ya karɓa daga gare mu da ku, Ya sanya albarka a ƙasarmu da ruwanmu, Ya jiƙan iyayenmu da suka bar mana inuwar da muke zaune a ƙarƙashinta. Allah ne Mafi sani.