Darasi a Kan Tallan Magani da Abinci: Abin da Yaƙin 1939–1945 Ya Koya Mana

An shirya wannan darasi ne domin hakimai da malamansu, musamman na ƙasar Bagudo, watau Illo da Ka'oje da Lolo da Tsamiya, waɗanda ke bakin iyakar Benin. Nufinmu mu duba yadda aka yi tallan magani da abinci a zamanin Yaƙin Hitila, sa'an nan mu ga abin da ya rataya a wuyan mai riƙon ƙasa yau.

1. Yadda ƙunci ya auku

Da Faransa ta faɗa hannun Jamus cikin watan Yuni 1940, sai ƙasashenta na Afirka ta Yamma suka bi gwamnatin Vichy har watan Nuwamba 1942. Cikinsu akwai Nijar da Dahome, wadda aka sake wa suna Benin a 1975. Saboda haka aka tsananta tsaron iyaka, fatauci tsakaninsu da ƙasar Gwandu, zamanin Sarki Yahaya, ya yi wuya. Gishirin Foga da a ke dafawa wajen Gaya yana hannun Faransa, na Turai kuwa jiragen kawo shi sun yi ƙaranci. Gishiri ya yi tsada ƙwarai, har Gwamnati ta sa hannu cikin rabonsa.

Magani ma bai tsira ba. Cikin Maris 1942 Japan ta ci tsibirin Java, inda mafi yawan kwinin na duniya ke fitowa. Dole aka koma ga mepacrine, ƙwayar da ke mai da fatar mai shanta rawaya.

2. Talla iri biyu

Na farko shi ne na hukuma, don amfanin jama'a. A Ingila an fara rabon sukari da man shanu da kati ran 8 ga Janairu 1940. Ma'aikatar Abinci, ƙarƙashin Lord Woolton, ta riƙa sayen fili a jaridu tana koya wa matan gida yadda za su ci da iyali da dankali da karas. A nan Arewa kuwa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam na editanta, ita ce ke kai labarin yaƙi, Gwamnati kuma tana kira a ƙara noman gyaɗa.

Na biyu shi ne na 'yan kasuwa, don riba. Masu Ovaltine da Bovril da Aspro sun riƙa haɗa tallansu da yaƙi, suna yi wa mutanen da fargaba ta gajiyar alkawarin barci da ƙarfin jiki. Waɗannan dai sanannun kaya ne, amma akwai waɗansu masu sayar da haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba. Don haka a 1941 Majalisar Ingila ta yi doka, lalle a rubuta abin da aka haɗa magani da shi a jikin kwalba, kuma ta hana tallan da ke cewa yana warkar da tarin fuka ko ciwon sukari ko farfaɗiya.

Ko magani na gaskiya ma suna na iya ɓata shi. Ƙwayar M&B aka ba Mista Churchill sa'ad da ciwon haƙarƙari ya kama shi a Tunisiya cikin Disamba 1943, ya kuwa warke. Sunanta ya watsu, har aka riƙa saye a kasuwa ana sha don kowace cuta, alhali kuwa tana iya ɓata ƙoda in ba a sha ruwa da yawa ba.

3. Abin da ya shafe mu

Asalin maganar ke nan: in kaya suka yi ƙaranci, bakin mai talla ya kan yi zaƙi. Mun sake ganin ƙunci sa'ad da aka rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, shinkafa ta yi tsada, kaya suka riƙa bin ɓarauniyar hanya. Abin da ya biyo ta daji kuwa ba wanda ya gwada shi. Saboda haka a kula da waɗannan:

(a) Tun 1993 aka kafa hukumar NAFDAC. Malamin hakimi ya koya wa dagatai da sarakunan kasuwa duba lambarta a jikin magani da abincin gwangwani ko na leda.

(b) A duba ranar da magani zai lalace. In rubutun Faransanci ne, a nemi wanda ya iya ya karanta.

(c) Wanda ya zo kasuwa da lasifika yana cewa kwalba ɗaya na maganin cuta goma, a rubuta sunansa da ranar zuwansa, a sanar da ma'aikatan lafiya.

(d) Yaro mai zazzaɓi a kai shi asibiti a gwada jininsa, kada a tsaya jiran mai talla.

Talakawa amana ne a hannun sarakuna, kuma rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.