Don Me Ba a Manta Daɗin Lilo?

Sa'ad da aka tura mu koyon aikin koyarwa, aka ba ni aji huɗu, in koya musu abin da ke jawo kaya su faɗo ƙasa. Na cika allo da rubutu, yara kuwa sai hamma su ke yi. Da dare na kwanta ina juyayi, sai na tuna duwatsun garinmu, Shira.

Wanda ya san Shira ya san duwatsunta, har da waɗanda mutanen dā suka yi zane a jikinsu. Muna yara mukan hau wani fa mai sulɓi, mu zauna kan ɗan faifan dutse, mu sake jiki, suuu, sai ƙasa. Wando ya yage, a sha duka a gida, gobe a koma. Ashe wasan nan ba namu ba ne mu kaɗai. Bature Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya rubuta labarin duwatsun zamiya da duwatsun kiɗa a 1957. Na manta darussa da yawa, amma ban manta zamiyar nan ba. To, don me?

Kashegari na ɗaura lilo a reshen tsamiya, muka fita da yara. Ga abin da muka gano, ko ya amfane ku, 'yan'uwana ɗalibai.

In lilo ya kai ƙarshen tashinsa, zai juyo, mutum yakan ji cikinsa ya yi sakayau, kamar an zare masa hanji. Dalili kuwa, a lokacin nan mazaunin bai tokare shi sosai ba, shi da mazaunin suna shirin faɗowa tare. In ya iso ƙasa kuma sai ya ji nauyi ya danne shi. Wannan sauyi, daga sauƙi zuwa nauyi, shi ne gishirin abin. Cikin kunne kuma akwai waɗansu 'yan bututu uku masu ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa yadda kai ya ke juyawa. Shi ya sa yaro in ya yi ta juyi ya tsaya, ruwan bai tsaya ba tukuna, sai hajijiya ta kwashe shi.

Muka kuma gwada abin da Galileo, mutumin Italiya, ya lura da shi. Ƙato ya hau, ƙarami ya hau, lokacin zuwa da dawowa kusan ɗaya ne. Tsawon igiya ke da iko. Igiya mai ƙafa 3 takan je ta dawo cikin misalin daƙiƙa 2, mai ƙafa 12 kuwa misalin daƙiƙa 4. Yara ba su yarda ba sai da suka ƙidaya da bakinsu.

Amma lissafi bai ƙare maganar ba. Ni a ganina rabin daɗin tun kafin a hau a ke shan sa: jiran layi, da faɗuwar gaba, da ihun wanda ya riga ka. Sa'an nan ga 'yan kallo. Wa ya taɓa jin daɗin lilo shi kaɗai a daji? Turawa sun gane wannan. A 1893 wani injiniya, George Ferris, ya gina ƙaton lilo mai siffar ƙafar keke a birnin Shikago na Amurka, tsayinsa ƙafa 264, da ɗakuna 36, kowane yana ɗaukar har mutum 60. Ba ya sauri ko kaɗan, duk da haka mutane suka yi ta tururuwa, don su hangi garinsu daga inda tsuntsu ke ganinsa. Mu ma haka mu ke hangen gonaki daga kan dutse kafin mu zame.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyi. Tsoro yana da daɗi ne muddin mutum ya amince ba abin da zai same shi. Ni kuwa na yi sakaci. Tsohuwar igiyar rama na samu, na rataya da nauyina, na ga ta riƙe, na ce shi ke nan. Ban tuna ba, in an ja lilo har mazaunin ya hau rabin tsayin igiyar, aka sake, to a ƙasa igiyar tana ɗaukar nauyin mai hawa ninki biyu. Ran na uku wani babban yaro ya hau, abokansa suka tura shi da ƙarfi, igiya ta tsinke daidai ƙasa. Allah ya kiyaye, gurɗewar hannu kaɗai ya samu, amma ni na raka shi gida, na tsuguna gaban ubansa na ba da haƙuri.

Bayan mako guda na sayo sabuwar igiya, na riɓa ta biyu, na sa tsumma inda ta ke gogar reshe. Yara suka yi cirko-cirko, ba mai matsowa. Sai da na hau da kaina, da rigata da hulata, suna ta dariya, kana wani ƙaramin yaro ya ce, "Malam, sauko, ni ne na biyu."