Yadda matashin Damagaram zai koyi gina manhajar zumunta

Matashin da ke zaune a Zango ko Birni yana son gina manhajar zumunta ta wayar hannu yakan fara da burin kwaikwayon Facebook gaba ɗaya, kuma wannan burin ne ke kashe aikin tun yana jariri. Hanya mafi inganci ita ce ya zaɓi ƙaramar jama'a da ya san halinta: 'yan adashe, ɗaliban aji guda a Jami'ar André Salifou, ko dukawan da ke neman masu sayen kayan fata. Aikin farko da takarda da biro ake yin sa. Ya zana fuskoki uku kacal, wato wurin shiga, jerin saƙonni da wurin aikawa, ya nuna wa waɗanda za su yi amfani da su. Duk maɓallin da sai an yi musu bayani kafin su gane, a soke shi.

Daga nan sai kayan aiki. Wanda bai taɓa rubuta umarnin kwamfuta ba ya fara da App Inventor na jami'ar MIT, inda ake harhaɗa umarni ta hanyar jawo gutsattsari da linzami, kyauta. Idan hannu ya faɗa, ya koma Kotlin, harshen da Google ya amince da shi don Android a 2017, ko Flutter. A bar maganar iPhone tukuna, domin Android ce a aljihun yawancin mutanen gari. Gwaji kuwa a yi shi kan ƙaramar waya mai arha, don wayar kwaikwayo da ke cikin Android Studio tana cinye ƙarfin tsohuwar kwamfuta, kuma ba ta nuna wahalar da mai amfani zai sha.

Mataki na uku shi ne mafi nauyi, wato inda saƙonni ke kwana. Firebase na ba da rumbun bayanai da rajista ta lambar waya, wadda ta fi imel dacewa a nan. Amma gwanintar gaske tana wurin shirya wa yankewar rezo. Ko layin Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, saƙon da aka tura ya tsaya a cikin waya ya jira, ya tafi da kansa idan hanya ta buɗe. Hoto a matse shi kafin ya fita, saboda kuɗin data. Saƙon murya kuma ya zo gaba da rubutu, tunda mutane da yawa sun fi sakin jiki da magana, wasu kuma ajami suka iya ba boko ba. Wuta ma abin lissafi ce: wanda ya tuna yanke wutar da Najeriya ta yi wa Nijar a watan Agustan 2023 ba zai gina manhaja mai zuƙe batir ba.

Za a ce ai WhatsApp ta riga ta cika gari, wahalar me ake sha? Gaskiya ne ba za a ture ta ba. Sai dai rukunin WhatsApp ba ya riƙe lissafin zubin adashe, kuma farashin da aka faɗa jiya yakan nutse ƙarƙashin gaisuwa ɗari. Ita WhatsApp kanta ma'aikatanta ba su kai sittin ba lokacin da Facebook ya saye ta a 2014 kan dala biliyan 19, don haka ƙanƙantar masu aiki ba hujjar ja da baya ba ce. Ko da manhajar ba ta karɓu ba, wanda ya gina ta ya iya rajista, ajiya da sanarwa, abubuwan da asibiti ko makaranta za su biya a yi musu.

Rabawa ba ta da wuya. Ana iya tura fayil ɗin APK na manhajar ta Xender daga waya zuwa waya, sannan a biya dala 25 sau ɗaya a buɗe asusu a Google Play. Kafin haka a tanadi maɓallin kai ƙara da na toshe mai zagi, a kuma karanta dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP ke kula da ita, domin lambobin wayar jama'a amana ce da doka ke bi.