Kalmomin Ingilishi na Hankali da Tunani: Inda Hausa ke Warware Ruɗani

Ɗalibin Nijar yakan isa ga Ingilishi ne ta ƙofar Faransanci. Wannan hanya tana da sauƙi, domin harsunan biyu sun yi tarayya a kalmomi masu yawa na asalin Latin. Sai dai a fagen hankali da tunani, kamar da kalmomin suke yi da juna takan zama tarko. Misalai uku za su nuna cewa sau da yawa Hausa ta riga ta raba abin da Faransanci ya haɗa.

Na farko shi ne *conscience* da *consciousness*. Faransanci yana da *conscience* guda ɗaya mai ɗauke da ma'ana biyu, Ingilishi kuwa ya raba su. *Conscience* ita ce lamiri, wato muryar zuciya mai hana mutum aikata ɓarna, mai kuma damunsa in ya aikata. *Consciousness* kuwa kasancewar mutum ce cikin hayyacinsa. Wanda ya suma ya fita hayyacinsa, amma lamirinsa na nan. Saboda haka mai fassara rahoton likita, in ya mai da *il a perdu conscience* zuwa *he lost his conscience*, ya mayar da majinyaci marar imani, alhali suma kawai ya yi. Daidai shi ne *he lost consciousness*. Matsalar tsohuwa ce: Pierre Coste, da ya fassara littafin John Locke kan fahimtar ɗan Adam zuwa Faransanci a 1700, sai da ya rubuta *con-science* da karan ɗori don ya bambanta ma'anar Locke.

Na biyu shi ne *sensible* da *sensitive*. A Ingilishi, *sensible* mai hankali ne, mai auna magana kafin ya furta ta. *Sensitive* kuwa mai saurin jin abu ne, a zuciya ko a jiki, kamar wanda ƙaramar magana ke sosa wa rai. Ruɗanin ya taso ne domin *sensible* ta Faransanci ita ce *sensitive* ta Ingilishi. Malamin da ya rubuta *a sensible student* ya yabi natsuwar ɗalibi ne, bai ce yana da raunin zuciya ba.

Na uku shi ne *remember* da *remind*. Faransanci yana amfani da aikatau ɗaya, *se rappeler* da *rappeler*. Hausa kuwa tana da "tuna" da "tunatar da", na biyun daga aji na biyar a rabe-raben aikatau na Parsons. Mutum yakan tuna da kansa, wannan shi ne *remember*; wani ne ke tunatar da shi, wannan shi ne *remind*. "Ka tunatar da ni in kira shi" ita ce *remind me to call him*. Wanda ya ce *remember me to him* kuwa saƙon gaisuwa ya aika, ma'ana "ka gaishe mini da shi".

Dabarar da ta dace ga ɗalibi ita ce, kafin ya zaɓi kalmar Ingilishi, ya fara faɗin jimlar da Hausa. In "lamiri" ta fito, ko "hayyaci", in "tuna" ce ko "tunatar da", to zaɓin ya riga ya bayyana.