Kurtun da Ya Ji Ciwo Wurin Horo

A cikin sojan Ingila akwai waɗansu mazaje da a ke kira Kwamando. Asalinsu shi ne, cikin shekarar 1940, sa'ad da Jamus suka ci ƙasar Faransa, sai Winston Churchill, Babban Wazirin Ingila na zamanin nan, ya yi umurni a zaɓo jarumawa waɗanda za su riƙa ƙetare teku da dare, su faɗa wa abokan gaba, su komo kafin a farga. Daga 1942 aka riƙa horonsu a wani wuri mai suna Achnacarry, cikin duwatsun Sikotilan. Horon ya yi tsanani ƙwarai, har da harsashi na gaske a ke koya musu yaƙi.

Waɗanda suka gaji wannan aiki su ne sojan da a ke kira Royal Marines, watau sojan ƙasa masu tafiya tare da jiragen ruwa na yaƙi. Barikinsu na horo yana Lympstone, a kudu maso yammacin Ingila. Kurtu ya kan yi fiye da mako 30 a can. Kusa da ƙarshe a kan yi masa jarrabawa huɗu. A ɗaya daga ciki, zai yi mil 9 cikin minti 90, da bindiga da kayan yaƙi a jikinsa. Ta ƙarshe ita ce tafiyar mil 30 a dajin Dartmoor, inda ba kome sai tuddai da taɓo da hazo, kuma lalle ya gama cikin awa 8. Hafsa kuwa awa 7 a ke ba shi. Mil 30 ɗin nan ya fi rabin tafiyar Zariya zuwa Kaduna. Wanda ya ci duka, shi a ke ba koriyar hula, alamar ya zama Kwamando.

To, a cikin irin wannan wahala ba a rasa mai jin ciwo. Darasinmu na yau a kansa ya ke.

Yadda ƙashi ke tsagewa

Yawancin ciwon kurtu ba daga faɗuwa ko harbi ya ke zuwa ba. Yawan tafiya da kaya ke kawo shi, kaɗan kaɗan. Tun cikin 1855 wani likitan soja na ƙasar Jamus, mai suna Breithaupt, ya lura sojansa na fama da kumburi da zafi a bayan ƙafa in sun yi doguwar tafiya. Daga baya, da aka sami na'urar ɗaukar hoton ƙashi, aka gane ƙananan ƙasusuwan ƙafa ne ke tsagewa.

Ga dalilin. Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki yana gyara shi kamar yadda magini ke gyaran katanga: ya kankare tsohuwar ƙasa, sa'an nan ya yi sabon yaɓe. In aka ƙara wa ƙashi aiki, jiki ya kan ƙara masa ƙarfi, amma kankarewa ke fara zuwa kafin yaɓen. A tsakanin nan ƙashin ba shi da ƙwari sosai. Numfashi da tsoka su kan yi ƙarfi cikin 'yan makonni, ƙashi da jijiya kuwa sai an yi watanni. Saboda haka saurayi ya kan ji kamar zai iya kome, alhali ƙashinsa bai cim masa ba tukuna. In ya ci gaba da duka ƙafa a ƙasa ba hutu, sai 'yar tsaga ta fito a ƙashin ƙafa, ko na ƙwauri, ko na cinya.

Alamarta ita ce zafi a wuri guda, wanda mutum zai iya nunawa da yatsa ɗaya. Da farko sai ana gudu ya ke tashi. In an ƙyale shi, sai ya zama ko tafiya a ke yana nan, har ya hana barci.

Kada a ɓoye

A nan ne kurtu da yawa su kan yi wa kansu ɓarna. Tsoro ya kan kama su kada a ce ragwaye ne, ko a raba su da abokansu, sai su ɗaure ƙafa su yi shiru. Ku dubi ƙwarya mai tsaga. In an ɗinke ta da wuri, ta daɗe tana aiki. In aka ci gaba da ɗaukar ruwa da ita, wata rana sai ta rabu biyu. Tsagar ƙaramin ƙashin ƙafa ta kan warke cikin mako 6 zuwa 8 in an huta. Amma ta wuyan ƙashin cinya, kusa da kwatangwalo, in ta zama karaya sosai sai an yi wa mutum aiki a asibiti, wani ma daga nan ya bar soja ke nan har abada. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Gaban likita ranar wanka ce.

Ƙungiyar Hunter

A Lympstone ba a korar kurtu don ya ji ciwo. A kan fid da shi daga cikin abokansa, a kai shi wata ƙungiya ta musamman, inda likitoci da masu koyar da motsa jiki za su lura da shi. Sunan ƙungiyar Hunter, don tunawa da Kofur Thomas Hunter. Cikin watan Afrilu na 1945, a bakin tafkin Comacchio na ƙasar Italiya, wannan saurayi mai shekara 21 ya fita fili shi kaɗai da bindigarsa mai ruwa, ya jawo wutar abokan gaba kansa, har mutanensa suka sami mafaka. A nan aka kashe shi. Bayan mutuwarsa aka ba shi Victoria Cross, lambar jaruntaka wadda ba ta da sama a Ingila. Kun ga, sunan babban jarumi aka sa wa ƙungiyar masu jiyya.

Aikin warkewa hawa hawa ne. Da farko a kan hutad da wurin ciwon, wani har da sanduna zai yi tafiya. Amma sauran jiki ba ya hutawa: mai ciwon ƙafa ya kan yi iyo, ya tuƙa keken da ke kafe wuri ɗaya, ya ɗaga ƙarfe da hannu, don kada numfashinsa ya ragu. In zafi ya tafi, sai tafiya. Bayan tafiya, sai sassarfa kaɗan a gauraya da tafiya. Bayan wannan gudu, sa'an nan takalmin soja, daga ƙarshe kaya, a riƙa ƙara nauyinsu sannu sannu. In zafi ya komo a wani hawa, sai a sauko na ƙasa da shi. Ana kuma kula da abinci, domin da madara da ƙwai da kifi da wake jiki ke samun kayan gini, hasken rana kuwa yana taimakon ƙashi ya sha abin da ke ƙarfafa shi. Barci isasshe magani ne. Shan taba yana jinkirta haɗuwar ƙashi.

Ciwon zuciya

Wanda ya fi ciwon ƙafa wuya shi ne na zuciya. Abokan da kurtu ya fara da su za su wuce shi. Yana nan da sandunansa zai ga sun sa koriyar hula, iyayensu sun zo kallon fareti. Shi kuwa in ya warke, cikin wata ƙungiya ta baya za a sa shi, tsakanin baƙin fuska. A wannan lokaci ne waswasi ke ce masa, "Me ka ke jira? Tafi gida."

Ga abubuwa huɗu da ke riƙe mutum a irin wannan hali.

Na ɗaya, ya bar ƙidayar watannin da suka rage, ya sa wa kansa aikin mako guda. Wanda bai iya taka ƙafa ba makon jiya, yau ya taka, ya ci riba, ya kamata ya san da haka. In yana rubuta abin da ya yi kowace rana, ranar da zuciyarsa ta karai sai ya buɗe takardar ya ga inda ya fito.

Na biyu, ya ɗauki jiyya aikin soja ce. Umurnin likita kamar na saje ne. Wanda ya saci jiki ya yi gudu kafin a ba shi izini, shi ya kan fi kowa daɗewa a jiyya.

Na uku, kada ya zauna banza. Soja na bukatar sanin taswira, da kwance bindiga da ɗaura ta, da taimakon wanda ya ji rauni. Duk ana iya koyonsu a zaune. Mai hankali ya kan koma fage ya fi sababbin abokansa sani.

Na huɗu, kada ya ware kansa. Ya zauna da 'yan'uwansa masu jiyya, ya ji labarin waɗanda suka warke suka ci hularsu, ya aika wa gida da labari. In baƙin ciki ya yi masa yawa har ya hana shi ci da barci, ya gaya wa likita, gama wannan ma ciwo ne mai magani.

Gaskiya ce, ba duka ke komawa ba. Akwai wanda likita zai ce jikinsa ba zai ƙara ɗaukar wannan aiki ba, sai a sallame shi ya nemi wata sana'a, ba kuwa abin kunya a ciki. Amma da yawa su kan warke, su ƙetare Dartmoor cikin awa 8 ɗin nan, a ba su hula iri ɗaya da ta waɗanda suka riga su. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Manomi da ɗan dako da ɗan kokawa, duk wanda ke cin abinci da ƙarfin jikinsa, wannan darasi ya shafe shi.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka fara sojan Kwamando, wa kuma ya yi umurni da haka?
2. Me ya sa ƙashi ke tsagewa ko mutum bai faɗi ba?
3. Wane ne Kofur Hunter?
4. Faɗi hawa hawan da mai ciwon ƙafa zai bi kafin ya koma ɗaukar kaya.
5. Kawo abu biyu da ke ƙarfafa zuciyar mai jiyya.